Akwatin da Yaya Sani Ke Gwada Batir da Shi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah Ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba. Mai gyaran batir ne da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, a bayan tashar Kawo. Ni ƙanwarsa ina Hayin Banki tare da mahaifiyarmu, Inna, wadda tun bara ba ta iya yini sai da na'urar da ke ba ta iskar numfashi. In aka ɗauke wuta, batiran sola ne ke riƙe da na'urar. In su ma suka gaza, ba na ko son in ƙarasa faɗa.

Yaya yana da wani akwatin ƙarfe mai fanka a ciki, wanda ba shi da aiki sai shan wuta. Na sha tsokanarsa, in ce jama'a na neman wuta ido rufe, kai ka sayo abin da zai shanye ta a banza. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke Binta, batirin da ba a ɗora masa kaya ba, ko mushe ne zai ce miki a cike yake."

Akwatin shi ne kayan: zai jona batir da shi, ya murɗa ya ƙayyade yawan wutar da zai ja, akwatin kuwa ya tsaya a nan cak, ba ƙari ba ragi, ko da batirin ya fara sanyi. Wani lokacin ya saita shi yadda in ƙarfin batirin ya ragu, sai akwatin ya ƙara ja don aikin ya tsaya daidai. Ya ce haka inbata ke yi a gida, shi ya sa batiri mai rauni ke zubewa farat ɗaya ba sallama. Mai batirin na tsaye yana tsaki, Yaya na zaune ya zuba wa mita ido. Har faɗa ake yi da shi a kan wannan jira.

Yau sola ta cika gari, daga Rigasa har Kawo rufi bayan rufi. Da zai leƙo, na san zai yi murna, don ya daɗe yana fatan haka. Amma na san abin da zai fara tambaya: wa ke gwadawa da kaya? Yawanci a ɗora mita ne kawai, a ga lamba ta cika, koren haske ya kama, a ce lafiya lau.

Watan jiya da rana tsaka aka ɗauke wuta, na ji na'urar Inna ta yi ƙara sau ɗaya ta ci gaba. Na kira Malam Habu mai kula mana da sola, mutumin kirki. Ya auna ya ce, "Hajiya, batiranki garau suke." Ni dai ban gamsu ba. Na shiga ɗakin ajiya na jawo akwatin Yaya, na kakkaɓe shi. Malam Habu na ganinsa ya gane shi, ya ce ya daɗe yana neman irinsa. Ya jona, ya saita shi daidai da abin da na'urar Inna ke sha. Kafin in gama dama kunu, lamba ta fara zamewa. Ashe batiri ɗaya ya mutu a tsaye, mu muna kwana muna tashi a kansa.

An canza shi. Sai dai fankar akwatin ta fara gurnani, Malam Habu kuma ya zaga kasuwa bai samo irinta ba. Ranar da ta tsaya, ban san da me zan gane batirin da ke yi mini ƙarya ba, kuma tsoro nake ji.

Shagon Yaya ya zama wurin cajin waya. Abin da ya rage nasa shi ne wannan akwatin, da halin da ya bar mini na ƙin yarda da koren haske.

Inna yanzu tana mantuwa. Jiya aka sake ɗauke wuta, ta kama hannuna, ta ɗaga bututun iskar da ke hancinta ta ce, "Binta, Sani ya gwada batirin nan kuwa?"

Na mayar mata da shi a hanci, na ce, "Ya gwada, Inna."