Malam Illiyasu, Sakataren da Muka Kora

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu 2025, aka bugo mini daga Sokodé cewa Allah Ya karɓi ran Malam Illiyasu, tsohon sakataren Sarkin Zangon garinmu da ke gabas da Dapaong. Ni Siddiƙ, shugaban 'yan kasuwar shanu, ban cancanci rubuta wannan ba, amma akwai abin da ya zama dole ya fito daga bakina.

Malam, shekara ashirin da shida ka riƙe alƙalamin garin nan. Ka same shi gida ɗari biyu, ka bar shi ya haura dubu. Mobawan da ke noma, Fulanin ruga, mu 'yan Zango, kowa ka san ƙofarsa kuma kana gaishe shi da yarensa. In mace ta haihu, kafin a yi suna ka hau kekenka ka tafi meri, ofishin magajin gari, neman takardar haihuwa, ba tare da an roƙe ka ba.

Sai shekarar ƙidaya ta zo. Lokacin mutane na gudowa daga wajen Mandouri saboda rashin tsaro, kusan kowane gida akwai baƙi, galibi ba su da takarda. Kai ne ke yi wa masu ƙidaya jagora, ka dage a rubuta kowa. A gidana akwai ƙanin matata da iyalinsa, tsoro ya kama ni. Bayan sallar Juma'a na miƙe a harabar masallaci na ce kana miƙa sunayen baƙi ne don a kwashe su. Ban gani ba, ban ji daga kowa ba. Ni na ƙirƙiro.

Ka dube ni ka ce, "Siddiƙ, da wannan lissafin ake raba famfo da ajin yara. In kun ɓoye mutane, kanku kuka rage."

Ba mu saurare ka ba. Muka ɓoye rabin unguwa, muka matsa wa Sarki har ya karɓe aikin daga hannunka. Ka miƙa rajistoci a jere, ka nuna wa magajinka inda ka tsaya, ka koma Sokodé wurin 'yarka Memounatou.

Ba a kwashe ko mutum ɗaya ba. Da rabon rijiyoyin burtsatse ya zo, unguwannin da ka gama ƙirgawa suka samu, tamu ta fito ƙarama a takarda. Har yau matanmu sai sun ƙetare kasuwa suke ɗibar ruwa.

Bara 'yata Fauziyya za ta zauna jarrabawa, lekol, wato makarantarsu, suka nemi takardar haihuwa. Na san ban taɓa yi mata ba, don ina Cinkassé da shanu aka haife ta. Na je meri ina shirin roƙo, sai ma'aikaciyar ta buɗe littafi ta ce, "Alhaji, ai tuni an yi. Ga sa hannun mai shaida." Rubutunka ne.

Sau shida na ratsa Sokodé a motar shanu bayan wannan. Sau ɗaya na hango ka zaune bakin hanya, ka rame, kana gyara tabarau. Direba ya ce ko a tsaya. Na ce shanu sun gaji, mu wuce.

Juma'ar da ta gabata na tsaya gaban jama'a na faɗi cewa ƙarya na yi maka. Dattawa suka sunkuyar da kai, domin ba ni kaɗai ba ne. Amma wanda ya kamata ya ji yana kabari.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga matar Malam, Inna Zuwaira, da Memounatou da dukan zuri'a, Allah Ya ba ku haƙuri. Inna, ranar addu'ar arba'in zan zo in durƙusa a ƙofarki. In kin yafe, Allah Ya saka miki; in kin kasa, ba ki zalunce ni ba.