Gindin Mudun Mama

Jiya a kasuwa na ga mudu mai lotsattsen gindi, sai marigayiya surukata ta faɗo mini a rai.

Garin rogo take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, tun Turawa ba su tafi ba. Kowa a layinsu yakan buga gindin mudu ya shige ciki don awo ya ragu, ita ma haka ta tarar, haka take yi. Da furfurarta ta koyi karatu a ajin matan coci, har ta kai inda Littafi Mai Tsarki ya hana ha'inci a awo.

A gabana ta sa taɓarya cikin mudunta, ta daka har gindin ya miƙe. Ƙarar tana kunnena har yau.

Matan Fagge suka koma sayen nata, 'yan layi suka daina gaishe ta. Riba ta tsuke, ga jikoki cike da ɗaki, ga babu wata rumfar da za ta koma.

Na ce, "Mama, ki ɗan mayar da shi mana."

Ta ce, "'Yata, da ban karanta ba, da na mayar. Yanzu ina zan kai abin da na sani?"

A rumfar nan ta ƙare, ba mai kula ta. Ubangiji ya auna mata da cikakken mudu.