Gaisuwar da Na Saka wa Inna a Baki

Wata Alhamis ce da kaka, a shekarata ta biyu a kwaleji, aka gayyaci iyaye su zo su ga ɗakin kwamfuta, wadda mu muke ce wa ordinatar. Tun da hantsi amalanken jakuna suka cika gindin dogon yaro, wasu ma daga Safo suka taso, da ƙaiƙayin hatsi a jikin zannuwansu. Na hango Inna a cikin mata, goye da autarmu, raina ya yi fari ƙal.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ɗebo ruwa ko in kai wa Baba hura garka a bakin tabki, sai ta dubi turmi ta ce, "A ce wa waccan ta zo." Ƙannena tana yi musu kitso a cinyarta, tana yi musu kirari, ni kuwa kakata ke yi mini. Na san kunya ce ta al'ada, kowa ya sani, amma da yamma in muna 'yar gala-gala a ƙofar gida na ji ana ƙwala wa kowace yarinya kira da sunanta, sai in yi shiru ina sauraro har wasa ya wuce ni.

Ordinatocin tsofaffi ne, hasken rana ke kunna su, kuma da yawa muke raba guda. Malaminmu, Mushe Sani (haka muke kiran malami da Faransanci), ya koya mana cewa kowane ɗalibi yana da ɗan ɓoyayyen fishiye nasa, wato fayil, wanda shirin Python yake fara karantawa da zarar an shiga da sunan mutum, ya aikata duk umarnin da ke ciki. Yakan ce, "Nan ne ɗakinka, ka jera shi yadda kake so." Maza suka mayar da rubutunsu kore, wasu suka sa ya riƙa yi musu kirarin 'yan kokawa. Ni layi ɗaya na rubuta, kuma kullum in na buɗe sai in kare allon da mayafina in karanta.

Ranar nan Mushe ya so ya nuna wa iyaye ƙoƙarina. Ya zaunar da ni a gaba, ya ce in shiga da sunana. Na shiga, don ba a yi wa malami gardama. Rubutun ya fito, kuma da yake yawancin iyayen ba sa karatun boko, sai ya duƙa ya karanta musu da ƙarfi: "Sannu da zuwa, Sa'adatu ɗiyata. Kin ci abinci? Innarki ce." Sai da ya kai ƙarshe ya gane abin da ya karanta. Sai wata maƙwabciyarmu ta kece da dariya, tana cewa ashe har ƙarfe Inna ke aika ya isar da saƙon da bakinta ya kasa faɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita. Na so ƙasa ta tsage in shige, don na tsiraita mu biyu a gaban gari.

Mako guda mata suna tsokanarta a bakin rijiya, ni kuma ina cin tuwona a ɗakin kakata don kada mu haɗa ido. Wata safiya muna ɓarzar wake, ba ta dube ni ba, ta tambayi ƙwaryar da ke gabanta ko abin nan kullum yake faɗin haka. Na ce kullum, amma yau zan goge. Ta daɗe tana bakace ɓawon waken, sannan ta ce, "A bar shi ya riƙa faɗa."

Yanzu a Maradi nake aiki, na sauya ordinatar ba sau ɗaya ba, amma ina tafe da fishiyen nan; ya yi tsawo da gajerun hanyoyi da launuka, amma layin farko yana nan yadda yake, kuma har yau in abokin aiki ya matso sai in kare allon. In na je gida Inna takan ce a kawo wa waccan hura mai sanyi. Na daina jiran ta kira sunana, tunda ta ba da izini a kira mata.