Hular da Na Goge

Shekarar da sojoji suka koma bariki na karya ƙafa a kan okada. Da zaman banza ya ishe ni, sai na maƙale wa wani tsoho mai zane a Agege. Mutumin Nijar ne, yana rubuta allunan shaguna da bayan motocin haya na danfo. Ba ya zana mai rai, ko da kaza ce. Masifaffe ne, ni ma ba baya ba.

A bangon shagonsa akwai zanen kogin garinsu da ya yi a kan katako tun zuwansa Legas: ruwa shimfiɗe, giginya uku, kwalekwale babu kowa a ciki. Danshi ya fara cin katakon, shi kuma yanar ido ta kama shi.

"Kwafe min shi kafin mu ƙare tare," in ji shi. "Fara da sama, ruwa aron launinta yake yi."

Wata biyu ina fama. Ya ce ruwana kwatar Iyana Ipaja ce sak. A hankali na koyi jan buroshi a kwance, da barin fenti ya sha iska kafin in ƙara wani. Ran nan yana masallaci, karambani ya sa na ɗauko tsumma da kananzir na goge fumfunar da ke jikin nasa zanen. Wani jan ɗigo a cikin ruwan, bai kai ƙwayar wake ba, ya yi min gardama, na kankare shi da farce. Na cike guraben duka da shuɗi, ina ta yabon kaina.

Da na gama nawa, ya kawo fuskarsa dab da shi, ya daɗe.

"Ina hular?"

"Wace hula, Baba?"

Ya juya ga nasa, ya bi ruwan da yatsa, sannan ya zauna. Bai zage ni ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ashe ɗansa na fari ne ya nutse a wurin, hularsa kaɗai aka gani tana yawo. Tunda ba zai zana yaron ba, sai ya zana hular.

Na rantse zan mayar da ita. Na ɗiga ja a nasa zanen kusa da kwalekwalen, ya ce ba nan ba. Na matsar, ya ce ba nan ba. Daga baya na gane shi ma wurin ya ɓace masa, zanen ne ke riƙe masa shi duk shekarun nan.

Da damina ya rasu. Zanen biyu suna ɗakina, ban iya kallonsu da daɗewa. Kullum sai idona ya shiga ruwan nan yana neman yaron da na nutsar karo na biyu.