Baƙuwar da Ta Ƙi Tashi daga Gidan Mis Odessa

Ni da Odessa Gillikin titi ne kawai ya raba gidajenmu, kuma tun muna 'yan mata muke tare, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba. A wannan ƙauyen namu na bakin teku a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, yaro da babba Mis Odessa suke ce mata. Ni kaɗai nake kiranta Dessa. Ita kuma Nadine take ce mini in ranta fari ne, in na ɓata mata kuwa sai ta ce "ke matar nan".

Mahaifinta masunci ne mai kamun jatan lande. Mijinta Harlan ma sana'arsa ke nan, har ranar da zuciyarsa ta buga yana ɗinkin raga a bakin kwata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya bar mata ɗan ƙaramin gidan da suke ciki, iyayenta kuma suka bar mata babban gidan nan na kan dirkoki da ke fuskantar ruwa. Mutanen birni sun yi ta zarya da tayi, ta ce ba ta sayar da ɗakin da aka yanke mata cibi. Sai ta yi wa gidan fenti, ta zuba gadaje, wata 'yar ƙanwar mijinta ta sa mata hotunansa a intanet, ta shiga ba masu zuwa hutu haya mako-mako.

Tun farko ta sa aka rubuta cewa duk soja, ko tsohon soja, ko iyalinsa, yana da rangwame mai tsoka. Barikin sojan ruwa ba nisa da mu, in suna atisaye har tagoginmu rawa suke yi. Sauran masu gidajen haya sun yi ta mita wai tana ɓata musu kasuwa, musamman a tsakiyar zafi, lokacin da ko akurkin kaji ka sa haya sai an kama. Ba ta taɓa tanka musu ba. Mu da muka tashi tare mun san dalili. Wanta Lyle ya tafi yaƙin Vietnam yana ɗan saurayi. Tana 'yar makaranta, tana shanya a barandar babban gidan, wata mota ta tsaya a ƙofa, sojoji biyu suka fito cikin kayan sarki suna takowa a hankali, sun kawo labarin mutuwar Lyle. Ta ce mini tun kafin su hau matakala uwarta ta saki kwanon da ke hannunta.

Amma kada ka ɗauka mace ce mai sanyi. Wani mutum ya taɓa bugo mata waya yana neman rangwamen, wai kakan matarsa ya yi soja.

"Madalla," in ji ta. "Yana raye?"

"A'a, ya daɗe da rasuwa."

"To ranar da ya taso ka turo mini shi, kyauta ma zan ba shi."

Wata shekara kuma wasu samari suka ce mata su huɗu ne, kafin azahar gidan ya cika maƙil, motoci har kan ciyawar maƙwabta, kiɗa kamar zai tsaga rufi. Ba ta yi hayaniya da kowa ba. Ta zagaya ƙarƙashin gidan ta kashe wutar gaba ɗaya, ta jawo kujera ta zauna a gindin matakala da kofin shayinta mai ƙanƙara. Zafi ya koro su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauko sai ta yi masa murmushi ta ce, "Sauka lafiya, ɗana, a gaida mamanka."

Baƙuwar da ta fi ba ta wahala kuwa matar soja ce, Kendra Hostetler. Daga jihar Ohio ta tuƙo mota da 'yan 'ya'yanta mata biyu. Mijinta Wade yana fagen yaƙi, an ce rundunarsu na dab da dawowa, shi ne ta kama gidan mako guda don ta tarbe shi a wuri mai kyau. Yarinya ce siririya mai zafin kai, in tana magana kamar faɗa take yi. Odessa ta kai mata burodin masara mai ɗumi, kamar yadda take kai wa kowane baƙo, Kendra ta karɓa daga bakin ƙofa ba tare da ta ce ta shigo ba.

Washegari muka gane dalili. Kare ne a cikin gidan, ƙato, baƙi, alhali dokar Odessa ta farko ita ce ban da dabba.

"Ai ba ki gaya mini akwai kare ba," in ji Odessa.

"Da na gaya miki za ki ba ni gidan?"

"A'a."

"To kin gani. Karen Wade ne, Mis Odessa. So kike ya sauko daga mota ya tambaye ni ina karensa in ce na bar shi a Ohio?"

Odessa ta juya ta fita. Da ta tsallako wajena ta ce, "Yarinyar nan bakinta kamar almakashi." Daga nan kullum da sabon abu. Yau karen ya tone furannin maƙwabci, gobe Kendra ta bugo waya wai ruwan famfo yana wari, jibi wai katifa ta yi tauri. Odessa tana jin haushi tana cewa, "Bari dai Asabar ta yi."

Asabar ita ce ranar canji a duk gidajen hayar nan. Tsofaffin baƙi su fita da hantsi, a share, a wanke, sababbi su shigo da la'asar. Masu zuwa a ranar kuwa ba baƙin banza ba ne, Dakta Pruitt ne daga birnin Raleigh da iyalinsa, waɗanda duk shekara makon nan nasu ne.

Asabar ta zo, hantsi ya yi, motar Kendra tana nan. Rana ta take, ba ko jaka ɗaya da aka sauko da ita. Odessa ta buga waya, layin a cike. Ta ɗauki bokiti da tsintsiya ta ce mini, "Zo ki zama shaida, matar nan. Yau ko dai ta fita da ƙafarta ko ɗan sanda ya fitar da ita."

Muka hau. Ƙofa a buɗe take. Falon kamar an yi yaƙi a ciki, karen ya farke kujerar zama, auduga ko'ina, yaran sun zane bango da alli mai launi, suna zaune gaban talabijin suna cin busasshen abin karin kumallo daga kwali. Kendra kuwa tana zaune a ƙasan kicin, ta jingina da firij, da kayan barcinta, waya a cinya.

"Kendra, lokaci ya wuce. Ina da baƙi a hanya."

"Ba inda za ni."

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ni. Ki kira duk wanda za ki kira."

Na ga wuyan Odessa ya yi ja. Ta ajiye bokitin. Amma da ta matso ta dubi fuskar yarinyar sai ta tsaya. Idanun a bushe suke, ba ta ma kallon mu, taga take kallo, wadda ake hango titi ta cikinta.

"'Yar nan, me ya faru?"

Ta yi magana a hankali don kada yaran su ji. An bugo mata da safe. Motarsu Wade ta taka nakiya, kwanaki kaɗan kafin su taso. Yana da rai, amma an ce jikin ya yi tsanani, ana ƙoƙarin fitar da shi zuwa babban asibiti. An tambaye ta inda take, ta ba da adireshin gidan nan.

"Sun ce za su sake bugowa," in ji ta. "In yana raye waya za su bugo. In kuma ba haka ba, ba a faɗa a waya, mota ce za ta zo. Nan za su zo, Mis Odessa. In na tashi, ina za su same ni?"

Ni da nake tsaye na san za a iya bugawa a canza adireshi, Odessa ma ta sani. Ba wadda ta faɗa a cikinmu. Odessa ta dafa teburi, da ciwon gwiwarta da komai, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ita ma ta ɗaga kai ta dubi tagar nan.

"Zauna abinki," ta ce. "Ba mai tashin ki. Nadine, ɗauki yaran nan ki ba su abinci na gaske."

Da la'asar motar Dakta Pruitt ta iso, an ɗaure kekuna a baya, yara suna ihun murna. Odessa ta tare shi a bakin titi ta gaya masa gaskiya. Ta ce ga gidanta nan da take kwana, ta canza zannuwan gado, su shiga su zauna ba ko sisi, abin da suka biya kuma za ta mayar.

Mutumin ba mugu ba ne, amma ya sha tuƙi a cikin zafi, kuma shekara guda yana jiran makon nan.

"Mis Odessa, ina tausaya mata, wallahi. Amma ai akwai otal, akwai bariki. Me ya sa sai mu za mu ɗauki nauyin?"

"Ba ku kuka ɗauka ba, Dakta, ni na ɗauka. Ku dai kun rasa baranda mai kallon ruwa."

"Shekara nawa muna zuwa gidan nan?"

"Da yawa. Shi ya sa na yi zaton za ka gane."

Matarsa ta ja shi gefe. Suka kwana biyu a ƙaramin gidan, sannan suka tattara suka tafi. Bayan haka ya rubuta a intanet cewa mai gidan ba ta cika alkawari, kuma ba su sake dawowa ba. Abin ya yi wa Odessa ciwo fiye da yadda ta nuna, don ta ga 'ya'yansa tun suna goye. Ba ta taɓa zaginsa ba. Takan ce, "Gaskiyarsa ne, alkawari na saɓa."

Kwanakin da suka biyo baya Odessa ba ta bar Kendra ita kaɗai ba. Ta dafa jatan lande da faten masara, yarinyar ta ture kwanon. Odessa ta ce ta yi wanka, Kendra ta ce ba ruwanta. Har tsawa ta yi mata, wai ta daina shawagi a kanta kamar uwarta. Odessa ta ce, "Da ni ce uwarki da tuni na wanke ki da mari. Ci abincin nan." Ta ci. Duk motar da ta rage gudu a titi sai su biyun su yi tsit har ta wuce. Akwai ranar da mai kawo saƙo ya tsaya a ƙofar da farar mota, Odessa ta sauka ta yi masa tatas, bawan Allah bai san laifin da ya yi ba.

Waya ce ta zo, da rana tsaka, muna ninke kayan wanki. Kendra ta saurara, ta ce "to, to", ta ajiye. Wade ya farfaɗo. An yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa, kuma za a kawo shi asibitin sojoji da ke kusa da Washington. Sai a lokacin ta yi kuka, irin kukan da ke fitowa daga ciki, ta kifa kai a cinyar Odessa. Odessa tana shafa mata kai tana cewa, "Ƙafa ce kawai, 'yata. Ƙafa ce kawai." Ita ma hawaye take yi.

Kendra ta tafi wajen mijinta, ta bar mana yara da kare har uwarta ta zo daga Ohio ta kwashe su. Mu biyu muka goge bango, muka fitar da kujerar da karen ya lalata. Na tambayi Odessa ko za ta nemi a biya ta ɓarnar, ta harare ni.

Mun daɗe ba mu ji ɗuriyarsu ba, har na fara cewa yarinyar ba ta da godiya. Odessa ta ce wanda ke jinyar miji ba shi da lokacin godiya. Bayan 'yan shekaru sai ga Wade ya zo da yaran, dogo, mai shiru-shiru, da ƙafar ƙarfe. Auren bai ɗore ba, in ji shi, wahalar ta yi musu yawa, amma Kendra ce ta ce lallai ya zo ya ga matar da ta zauna da ita a ƙasan kicin. Ya hau matakalar nan da kansa, yana hutawa a tsakiya, ya ƙi yarda a riƙe shi. Suka zauna a baranda shi da Odessa har rana ta faɗi. Ban san abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu Odessa ta manyanta. Bara guguwar teku ta yaye rabin rufin gidan, kowa ya ce to wannan karon kam sai ta sayar. Ba ta sayar ba. Yanzu haka da nake wannan magana ina hango ta daga tagata, ta dogara sanda a tsakar gida, tana yi wa kafintocin da ke kan rufi faɗa wai sun karkatar da kwano, kuma su yi sauri don tana da baƙi farkon zafi.