Ruwan da Ya Ƙi Shiga Cikin Auta

Sau ɗaya na taɓa zuwa yawon buɗe ido a rayuwata. Sauran tafiye-tafiyen da na yi duk gudu ne.

Bayan ƙaramar salla ne, a shekarar dubu biyu da goma sha huɗu. Lokacin ina zaune a Hadayek el-Ma'adi, cikin Alƙahira, a hawa na biyar. Ina yi wa wasu Turawa girki da wanki a Ma'adi. Ran Juma'a kuma nakan tuƙa tuwo, in kaɗa miyar kuka, in kai unguwar Hay el-Sabi' in sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya. Ƙanena yana tare da ni, yana wankin mota a wani gareji. Shi ne autanmu. Auta nake ce masa har yau, ko da yake tun a lokacin ya haura talatin.

Mu Hausawan Sudan ne. A bakin kogi aka haife mu, ubanmu masunci ne, mai fito kuma. Mutanen can ba sa cewa kogi, bahar suke cewa, mu ma haka muka taso muna faɗa. Da muka zo Masar sai muka tarar su ma bahar suke ce wa Nilu, teku ma bahar. Abin da ya fitar da mu daga gida ba zan faɗa a nan ba. Ta hamada muka biyo. Mu huɗu muka taso, mu biyu muka iso. Cikin waɗanda ba su iso ba har da mijina. Ƙishirwa ce.

A wannan shekarar Auta ya fara maganar hayewa. Wani dillali ya same shi a gareji, ya ce masa akwai jiragen ruwa da ke tashi daga wajen Iskandariyya zuwa Turai.

Na ce, "Mutane suna mutuwa a ciki."

Ya ce, "Waɗanda ba su iya ruwa ba ne, Yaya. Bahar ai bahar ne. Ina shekara tara na haye namu da akuya a wuya."

Gaskiya ne, ya haye. Akuyar ma ta rayu.

Na yi faɗa, bai ji ba. Na ƙaurace masa kwana uku, bai ji ba. Na kai ƙararsa wurin dattawanmu, ya durƙusa ya ce musu tamam, wato ya ji, ya fito ya je ya sayi 'yar jakar goyo da ledar da ake naɗe waya kada ta jiƙe. Ranar da na ga jakar a ƙarƙashin gadonsa na san ba wasa yake ba. Shi kaɗai ya rage mini a duniya.

Ubanmu yana da wata al'ada. Duk ruwan da zai haye, sai ya tsuguna ya kamfata da hannu ya sha sau uku. Gaisuwa yake ce mata. Yakan ce, ruwan da ya shiga cikinka lafiya, ka shiga cikinsa. Wanda ya ƙi, ka koma gida. Auta ya riƙe wannan fiye da yadda ya riƙe komai na ubanmu. Ko kwale-kwalen shaƙatawa zai hau a bakin Nilu sai ya sha, mutane suna kallonsa.

Ni kuma akwai abin da na sani. Uwar ɗakina takan kai 'ya'yanta bakin teku su yi kwanaki. In sun dawo ni ke wanke kayan. Wata rana na ga wani fari-fari ya bushe a jikin wandon yaron, na dangwala na lasa. Gishiri ne tsantsa. Na tambaye ta, ta ce ai duk ruwan haka yake. Auta ma ya taɓa jin ana faɗa, amma ya ɗauka irin na rijiyar kanwa ne, wanda za ka yamutsa fuska ka haɗiye. Ban gyara masa ba.

Sai na ce, "Mu je mu ga Iskandariyyar nan. Yawo kawai."

Ya dube ni kamar na ce zan yi rawa a kasuwa. "Ke, Yaya? Yawo?"

"Ni. Ko ba ni da ido ne?"

Ya yarda nan take. A ransa zai je ya duba hanya ne.

Ba na karanta allon hanya, shi ma haka. Don haka na nemi wani ɗalibi ɗan Zariya, cikin masu sayen tuwona, ya raka mu. Ustaz muke ce masa. Siriri ne kamar kara, amma malmala uku yake tashi da ita. Ya ɗauki abin kamar jarrabawa. Ya zo tasha da sassafe da littafi a hannu, ya jera wuraren da za mu gani, kowanne da lokacinsa.

Ya ce, "Goggo, garin nan ya girmi Musulunci da nisa."

Na ce, "To ya yi ƙoƙari. Riƙe kular nan."

Jirgin ƙasa ya tashi da mu. Gonaki kore shar dama da hagu, ga ɓauna cikin ruwa, ga mata suna wanki a bakin magudana. Rabon da in zauna kusa da taga ba tare da ina lissafin inda zan ɓuya ba, na manta. Wata Bamisriya mai jiki da ke gabanmu ta yi ta kallon kulata har ta kasa haƙuri, ta tambayi abin da ke ciki. Na ba ta dambun nama. Ta ɗanɗana, ta ce auduga ce aka soya? Sai ta miƙo hannu a ƙara. Ita kuma ta ba mu cuku mai tsami da gurasa. Kafin mu sauka ta gaya mini ciwon ƙafarta da halin surukarta duka.

Iskar garin daban ce. Tana da danshi, tana warin kasuwar kifi da aka gama wankewa. Muka hau taram, wani ɗan jirgi mai launin rawaya da ke bin tsakiyar titi yana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Auta ya ce ya fi shi sauri da ƙafa. Ustaz ya ce ba zai yiwu ba. Auta ya sauka. Da muka isa tasha ta gaba muka same shi a jingine yana cin gyaɗa.

Ustaz ya fara kai mu wurin wani dogon ginshiƙin dutse a kan tudu. Dutse ɗaya ne, ja, sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensa. Ya buɗe littafi ya yi ta bayanin sarakunan Rumawa.

Na ce, "Me yake tallafe da shi?"

"Babu komai, Goggo."

"To sun sha wahala."

Daga nan ya ce akwai kaburburan mutanen da a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka da matakala. Na ce su sauka, ni na ga isassu. Na zauna a inuwa na sha ruwan rake. Ba su daɗe ba suka fito, Auta yana cewa wurin ya fi ɗakinmu sanyi, da za su ba da haya da ya kama.

Yunwa ta kama mu. Na tsaya wurin wani mai suya na ce ya ba ni ta'amiyya, ƙosan nan nasu na wake. Ya ce nan falafil ake cewa, ta'amiyya sai a Alƙahira. Na ce ya ba ni ko da wane suna, in dai da zafi. Ya yi dariya ya ƙara mini biyu. Muka ci hanta da barkono a cikin burodi, Ustaz yana hawaye yana cewa ai ba yaji. Muka wuce ta gaban babban ɗakin littattafansu, wanda aka yi kamar ƙaton faifai da aka jingine. Ustaz ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga amarya. Da ƙyar muka janye shi.

Sai ga ruwan.

Ta inda muka ɓullo, gaɓar ta lanƙwashe kamar ƙwarya. Ruwan a kwance yake, shuɗi, ƙananan jirage masu fenti suna lilo a kai. Can tsallake ana hango wani farin ginin yaƙi na dutse. Auta ya kama ƙugu.

"Kin gani, Yaya? Ga ɗaya gaɓar can. Wannan ko da akuya biyu."

Na ce a raina, na kawo shi ne in ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Ustaz ya ce, "Wannan ai matsayar jirage ce. Can ɗin ma Iskandariyya ce. Bahar ɗin yana bayan ginin."

Muka bi bakin ruwan da ƙafa. Tafiya ce mai ɗan nisa. Masu keken doki suna kiranmu, masu masara suna fifita wuta, iyalai sun baje tabarmi kowa da tukunyarsa. Muka kewaya bayan ginin.

Nan babu ƙwarya. Babu tsallake. Ruwa ne ya tafi har ya haɗu da sama, yana tasowa yana dukan duwatsu da wani irin gurnani. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Auta ya kare ido da tafin hannu. Ya duba gabas, ya duba yamma.

"Ina tsallaken?"

Ustaz ya ce, "Sai an yi kwanaki a jirgi."

Auta ya sauke hannunsa. Can ya ce, "Faɗi ne kawai."

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya gangara kan duwatsun. Na san abin da zai yi. Ustaz ma ya gane, ya buɗe baki zai fara cewa wannan al'ada ba ta da asali. Na ce, "Ustaz, yau ba ranar karatu ba ce." Ya rufe.

Auta ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kamfata da hannu biyu, ya kafa kai. Na ga wuyansa ya motsa. Na farko ya haɗiye, don taurin kai. Ya zauna jim, idonsa ya yi ja. Ya kamfaci na biyu. Wannan bai wuce maƙogwaro ba, ya dawo, ya taho da na farkon, har da hantar da aka ci. Yana cikin haka igiyar ruwa ta taso ta mare shi tun daga kai har ƙafa. Na ukun ke nan.

Akwai wani tsoho a kan dutse na kusa, yana kamun kifi da doguwar sanda. Dariya ta kusa jefa shi ruwa. Ya ce, "Ya ɗan'uwa, an ce maka shayi ne?"

Auta yana tari ya ce masa gaisuwa ce, haka ubanmu yake yi.

Tsohon ya daina dariya. Ya ce, "Ubanka mutumin kogi ne. Ni tun ina yaro nake cin abinci daga wannan, amma ruwan shana daga gida nake kawowa." Ya miƙa masa gorarsa. "Ma'alish, yi haƙuri. Kurkure."

Auta ya kurkure baki, ya sha, ya hauro ya zauna kusa da ni, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya daɗe yana kallon gabansa.

Ya ce, "Yaya, in ruwan gora ya ƙare a tsakiya fa?"

Ya san amsar. Tare muka tona kabarin mijina da hannu a hamada.

Ya ce, "Ashe hamada ce. Jiƙewa kawai ta yi."

Ustaz ya laluba littafinsa ya ce, ko da yake ba a sha, alwala da shi ta halatta. Auta ya ce ya je ya yi, shi ya gama hulɗa da shi. Muka yi dariya har tsohon ya waiwayo.

Sauran yinin daɗi ne zalla. Muka shiga ginin, muka hau har sama, iska tana neman ƙwace mini mayafi. Muka ci gasasshen kifi da shinkafa ja a wani shago da ke kallon jirage. Auta ya ce kifin bai kai na kogi ba, ya cinye nasa ya taya Ustaz. Muka sha jilati, ƙanƙarar madara mai zaƙi, ta kama mini haƙori. Wani mai hoto ya ɗauke mu mu uku. Ni na tsuke fuska don ban saba ba, Auta wandonsa a jiƙe, Ustaz ya rungume littafi. Hoton yana nan.

Kafin mu bar bakin ruwan na shanye gorata, na ba Ustaz na ce ya gangara ya ciko mini ita da ruwan tekun.

"Na tabarruki ne, Goggo?"

"Na magani ne."

Da la'asar muka kamo jirgin komawa. Ustaz ya yi barci tun kafin mu fita gari. Auta yana kallon gonaki. Mun yi nisa sannan ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Baba ya taɓa hayewa bayan ruwa ya ƙi shi?"

"Bai taɓa ba."

"Khalas, shi ke nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Juma'ar da ta biyo, a cikin jakar goyon nan ya ɗaukar mini kulolin tuwo zuwa Hay el-Sabi'. Ledar wayar kuwa na zuba daddawa a ciki, ba ta bari wari ya fita.

Gorar na ajiye ta a saman firji. Bayan wata biyu dillalin ya sake biyowa ta gareji, Auta ya dawo gida yana wasu 'yan zantuka, wai an ce yanzu jiragen manya ne. Na zuba masa tuwo, na sauko da gorar, na dangwarar kusa da kwanon a maimakon ruwan sha.

Ya dube ta, ya dube ni.

"Haba, Yaya."

"Saura biyu. Ɗaya ka haɗiye, shi ma bai zauna ba."

Ya tashi ya ɗebo ruwan famfo da kansa, ya zauna ya ci tuwonsa.