Inda Gwaggo Kapa Take Tsayawa

Kapitolina Ilinichna ba ta taɓa rawa ba. Ko ranar bikinta ma, zama ta yi tana cin kifi, ta bar ango yana tsalle da 'yan'uwansa. Amma duk namijin da ya taka rawar bale, wato rawar Turawa ta dandamali, a babban gidan rawa na birnin Perm cikin shekara arba'in da huɗu, a kan yatsunta ya taka, domin ita ce mai kaɗa fiyano a ɗakin gwaji na maza. Gajeriya ce kakkaura, tabarau rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Kowa Gwaggo Kapa yake ce mata, har shugaban gidan, wanda bai fi shekara biyar ta ba shi ba.

A garin nan mutum biyu ba sa zama gaban miyar kabeji da baƙin burodi ba tare da an tayar da gardamar wa ya fi wa ba. In abin ya ƙi ƙarewa sai a ce a tambayi Gwaggo Kapa, ita kuwa ba ta iya sayawa ba. Wane yana tashi sama kamar mai ɗauko kwalba a kan kabad. Wane tashinsa da kyau, amma dirarsa buhun dankali. Wane kuma madubi yake yi wa rawa, ba mutane ba. In an matsa mata a kan wanda ya fi kowa, sai ta kurɓi shayinta ta ce, “Ba ku gan shi ba, me zan ce muku?”

Ma'aunin dai guda ne, rawar maharbi. A wani tsohon wasa da ake yi duk hunturu, akwai inda maharbi yake fitowa shi kaɗai a dandamali, minti ɗaya da rabi. A wannan ɗan lokacin ake sanin namiji: manyan tsalle uku, juyi biyu-biyu a iska, sannan ya zagaye dandamalin da tsalle har ya zube a gwiwa ɗaya. Gwaggo Kapa ta kaɗa kiɗan nan ya fi a ƙirga, amma tana da aibi ɗaya da ya gagari kowa. Daidai tsakiya, inda ake ɗaukar gudu don babban tsalle, sai hannunta ya tsaya cak, tsawon numfashi guda, kafin ta ci gaba. Malamai sun yi faɗa, masu rawa sun yi ƙorafi, an nuna mata takardar kiɗan, babu tsayawa a wurin. Ta ce to, za ta gyara. Shekara talatin ke nan tana gyarawa.

A hunturun da nake ba ku labari, maharba biyu ne a gidan. Akwai Timur, ɗan shekara ashirin da uku, wanda in ya tashi sama sai ka ɗauka ya manta hanyar saukowa. Akwai kuma Arkadi, mai shekara talatin da takwas, wanda Gwaggo Kapa take kaɗa wa tun yana ɗan shekara goma da kunnuwa fato-fato. Aikinsa ya zo ƙarshe, an sa masa ranar bankwana. Wanda ya tsara ranakun kuwa, Allah ya shirye shi, Timur ya sa Asabar, Arkadi Lahadi. Ga gwiwar Arkadi ta dama ta daɗe da gajiya. Su kuma 'yan saman bene, masu zama a kujerun can ƙololuwa tun zamanin iyayensu, ba su san tausayi ba. Juyi suke ƙirgawa da baki, in ya gaza ɗaya har na ƙasa sai sun ji.

Saura mako uku, suna gwaji su biyu da safe, Arkadi ya tashi tsalle na biyu, ya dira, gwiwar ta ƙi. Sai ga shi zaune daɓas a ƙasa.

“Gwaggo Kapa, kin sake tsayawa!”

“Ni tsayawa na yi, kai kuma zama. Wa ya fi wani laifi?”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya jawo tawul ya rufe fuska. “Shekara ashirin ina rawar nan, Gwaggo. Yanzu abin da za su tafi da shi gida, ranar da na faɗi washegarin Timur. Tsoro nake ji, wallahi.”

Tausayinsa ya kama ta, har ta ji haushin kanta da ta yi masa ba'a. Ta rufe fiyanon.

“Arkasha,” ta kira shi da sunansa na yarinta, “tashi ka zo nan. Kai a zatonka abin da kuke yi shi ne rawar maharbi? Wane maharbi ne yake shiga daji da tsalle-tsalle? Ai ko kurman zomo ya gudu. Wani baƙo ne ya zo daga Mosko da dogayen ƙafafu, ya yi ta haka, aka tafa, shi ke nan kowa ya bi. Kafin shi akwai ta Yefim Lukich.”

Arkadi ya san sunan, hotonsa na nan a bangon matakala, amma mutumin ya rasu tun Arkadi yana makaranta. Ita kuwa rawa ba a rubuta ta. Daga ƙafa take zuwa ƙafa, malami ya nuna, ɗalibi ya ɗauka. In ƙafafun da suka san ta suka kwanta, ta tafi ke nan.

“To wa ya rage da ya iya ta?”

Ta ɗaga hannuwanta biyu, gajeru masu kumburin gaɓɓai. “Ga su.”

Masu rawa in suna tuna taku ba sa wahalar da ƙafa, da hannu suke yi, tafi ɗaya ƙafar dama, ɗaya ta hagu. Haka ta yi masa a kan murfin fiyano tana rera kiɗan da baki. Babu babban tsalle ko ɗaya. Ƙananan taku ne masu sauri kusa da ƙasa, ƙafa tana bugun ƙafa a iska, mutum yana sanɗa, yana kewaya, yana laɓewa. Da suka zo tsakiya, hannuwan suka tsaya.

“Nan fa?” in ji Arkadi.

“Nan ya ji motsin barewa. Sai ya daskare a ƙafa ɗaya, ya juya kai hagu, ya saurara. Kiɗa ma jiransa yake yi.”

Arkadi ya dubi hagunsa. A ɗakin nan, fiyano ne a hagu. Ya dubi tsohuwar, ya ga kunnuwanta sun yi ja.

“Gwaggo Kapa! Ashe shekara talatin...”

“Rufe mini baki, marar kunya. Shekarata ashirin da biyu lokacin, kullum safiya mutum ya tsaya ya zuba mini ido. Ko barewa yake saurare ko ni yake kallo, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na so shi, ya wuce. Koma wurinka.”

Wani wurin hannu bai isa ba, dole ta miƙe. Ranar da ta tattare siket ta nuna masa sanɗar maharbi cikin silifas ɗinta na ulu, Arkadi ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen bango da suke dafawa wajen gwaji, ta jefe shi da fensir. Amma ya ɗauka. Ya kuma gane rawar ba sauƙi gare ta ba: gwiwa ta huta, idon sawu da numfashi suka shiga uku. Shugaban gida ya leƙo, ya kalla, ya ce ranar bankwana ta mai bankwana ce, ya yi abin da ya ga dama.

Saura shugaban makaɗa, don ranar wasa ba fiyano ba ne, makaɗa hamsin ne a ƙarƙashin sandarsa. Gwaggo Kapa ta same shi da kwalbar naman kaza mai gishiri, haɗin hannunta.

“Kapitolina Ilinichna, babu tsayawar nan a takarda.”

“Ka taɓa ganin takarda ta yi rawa? Ka dubi ƙafarsa kawai. In ya tsaya ka tsaya, kada ka sauke sandar nan sai ya juyo da kai.”

Ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya ce zai gani.

Ranar Asabar Timur ya tashi sama, 'yan saman bene suka ƙirga juyinsa cif, gidan ya kusa tsagewa. Ranar Lahadi Gwaggo Kapa ta sa rigarta mai ruwan toka ta tsaya a gefen labule. Da Arkadi ya zo wucewa ta ja hannun rigarsa ta yi masa irin fatan da ake yi wa mai hawa dandamali, wanda ake faɗa a baibai don kada baki ya kama shi: “Kada ka samo ko gashin tsuntsu.” Ya amsa yadda ake amsawa: “Tafi wajen shaiɗan!”

Kiɗa ya tashi. Daga sama aka ji masu ƙirga sun fara, “Ɗaya...” sai suka rasa abin ƙirgawa. Gunaguni ya fara yawo. Ina tsallen? Gwaggo Kapa ta ce a ranta, shi ke nan, na kashe yaron mutane. Shi kuwa yana ta sanɗa, ƙafafun suna bugun juna kamar ana tankaɗe. Ya zo tsakiya, ya daskare a ƙafa ɗaya, ya juya kai hagu.

Sanda ta tsaya a sama. Makaɗa hamsin suka riƙe numfashi, gidan ya yi tsit, har masu tari suka haƙura. Sai daga can ƙololuwa muryar wata tsohuwa ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: “Wayyo, Yefim!”

Abin da ya biyo baya Gwaggo Kapa ba ta gan shi da kyau ba, tabarau ya jiƙe. Ta dai ji tafin, ta ji an kira Arkadi gaban labule sau tara. Wannan kam ta ƙirga.

Litinin da safe ta iso da jakarta, ta tarar da Timur a ɗakin gwaji tun kafin lokaci, yana sosa ƙeya.

“Gwaggo Kapa, ta jiyan nan... ko za ki nuna mini?”

“A'a, ni na gama tattare siket. Yanzu tana da ƙafafu.” Ta nuna Arkadi, wanda ya shigo da kayan gida, ya zo kwashe takalmansa. Arkadi ya ajiye jakarsa, ya tuɓe kwat.

Ta zauna ta fara kaɗawa, ranta fes, Timur yana bin sawun Arkadi. Tsabar murna ce ko mene ne, da ta zo tsakiya sai ta wuce sumul, daidai yadda takarda ta ce, karo na farko cikin shekara talatin. Timur ya sauke ƙafa, ya riƙe ƙugu.

“Haba, Gwaggo Kapa! Ina za ki da sauri haka? Ai nan ake tsayawa.”